Tambaya da Amsa: Mastas a Kimiyyar Wasanni, da Abin da Ke Bayansa

Wasiƙun wannan watan daga Sakkwato da kewayenta suka fito, kuma duk a kan fage ɗaya suke: ilimin auna jikin ɗan wasa da tsara masa horo, abinci da hutu domin ƙwazonsa ya ƙaru. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Na gama digirin farko a PHE, wato ilimin motsa jiki da lafiya, da sakamako 2:2, na kuma kammala bautar ƙasa bara. Ina son in yi mastas, amma burina in yi aiki da 'yan ƙwallo, ba in tsaya ga aji kaɗai ba. Wane kwas zan nema, kuma a ina? Daga wani matashi a Mabera.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sakamakonka ya isa, domin yawancin jami'o'in ƙasar nan 2:2 ne mafi ƙarancin abin da suke karɓa a mastas. Wanda ya fita da ƙasa da haka, ko mai HND, shi ake tura wa PGD, wato difloma ta gaba da digiri, na shekara ɗaya tukuna.

Abu na farko, ka kula da harafin da ke jikin digirin. M.Ed ya fi karkata ga manhaja, dabarun koyarwa da gudanar da wasanni a makarantu. M.Sc a fannin fiziyolojin motsa jiki ko kimiyyar wasanni shi ne wanda zai sa ka cikin awon bugun zuciya, numfashi, ƙarfin tsoka da lissafin alƙaluma, kuma shi ya dace da burinka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan duk suna da tsofaffin sassan ilimin motsa jiki da lafiya masu karatun gaba da digiri. Ka karanta tallar shekarar da kyau, domin ba kowace shekara ake buɗe kowane reshe ba.

Takardun da za a nema: shaidar digiri, shaidar bautar ƙasa, kiredit biyar na sakandare da suka haɗa da Turanci da lissafi, wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku, sai takardar jerin sakamakonka daga aji ɗaya zuwa na ƙarshe. Wannan ta ƙarshen ita ta fi kayar da mutane. Jami'arka ce za ta aika da ita kai tsaye, kuma tana iya cin watanni, don haka ka fara bin ta tun kafin a fitar da fom.

Kafin ka biya kuɗin fom, ka yi tattaki zuwa sashen, ko da kuɗin mota zai yi maka ciwo. Ka nemi a nuna maka ɗakin gwaji, ka ga ko injin gudu da keken awo suna aiki ko ƙura suke sha. Ka tambayi ɗalibai nawa ne a hannun malamin da kake so ya duba aikinka. Sannan ka shiga ɗakin karatu ka buɗe kundaye goma na baya-bayan nan. Idan ka tarar duka takardar tambayoyi aka raba wa mutane, ana neman ra'ayinsu kan wasanni, to ka san ba a nan za ka koyi auna ɗan wasa ba. Wannan cuta ta yi wa fannin katutu: ɗalibi ya yi shekara biyu, ya fito da mastas, bai taɓa riƙe agogo ya auna gudun mutum ɗaya ba. Ka nemi malamin da ɗalibansa ke fita fili.

A takarda karatun wata 18 zuwa 24 ne. Abin da ke ja shi ya kai shekara uku, ban da yajin aiki, shi ne jinkirin kare tsarin bincike da rasa mutanen da za a auna. Maganinsa ka shiga da batunka a hannu, da kuma ƙungiyar da ta riga ta yarda ka yi aiki da 'yan wasanta.

Malamai, barkanku da aiki. Ina shekarar farko ta mastas, ina kuma zaune Sakkwato. Ba mu da na'urori irin na Turai. Wane bincike na gaske zan iya yi da wanga hali? Daga wani ɗalibi a Gidan Igwai.

Barka kadai, Malam. Kana zaune a kan abin da masu bincike a ƙasashen sanyi ke kashe kuɗi su ƙirƙira cikin ɗaki, wato zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ga hunturu da busasshiyar iska a Disamba da Janairu, ga kuma 'yan wasa masu azumi. Waɗannan ukun kaɗai sun ishe ka har digiri na uku.

Ɗauki awon zufa. Kayan aikinsa sikelin dijital mai nuna giram 100, gorunan ruwa masu alama, tawul da littafi. Ɗan wasa ya yi fitsari, ya hau sikeli da gajeren wando kawai kafin atisaye. A ba shi gorarsa, a rubuta abin da ya sha. Bayan an tashi ya goge jikinsa sarai, ya sake hawa. A ce ya fara da kilo 70, ya gama da 68.2, ya sha lita ɗaya cikin minti 90. Ya rasa kilo 1.8, a haɗa da litar da ya sha, zufarsa lita 2.8 ke nan, kusan lita 1.9 a awa. Ragin nauyinsa kashi 2.6 cikin ɗari ne, alhali daga kashi 2 ake fara ganin juriya da natsuwa suna raguwa. Domin ya mayar, yana buƙatar kamar lita ɗaya da rabi a kan kowane kilo, wato lita 2.7 cikin awannin da ke biye, tare da abinci mai gishiri. Inda aikin ke lalacewa: a auna shi da jiƙaƙƙiyar riga, wadda ke riƙe zufa ta ɓoye asarar, ko ya watsa ruwan gorar a ka, kai kuma ka rubuta ya sha, ko a ɗora sikelin a kan rairayi. Ka sa katako ko ka nemi daɓen siminti.

Na biyu, awon juriya. Gwajin Cooper, wanda likitan sojan saman Amurka Kenneth Cooper ya fitar a 1968, gudun minti 12 ne a kan hanyar tsere mai mita 400. Ka cire 504.9 daga mitocin da mutum ya ci, ka raba da 44.73, za ka sami ƙiyasin iskar oksijin da jikinsa ke iya sarrafawa. Wanda ya ci mita 2,800 ya sami kusan 51. Ga 'yan ƙwallo gwajin Yo-Yo na Jens Bangsbo, ɗan ƙasar Denmak, ya fi dacewa, domin ya yi kama da wasan: a je a dawo a kan mita 20, a huta daƙiƙa 10, sautin na ƙara sauri har mutum ya kasa kai layi sau biyu. Tef, robobin alama da lasifika kawai yake buƙata. Ka auna mita 20 ɗin da tef, kada ka auna da taku. Kuskuren rabin mita yana taruwa ya ɓata sakamakon gaba ɗaya. Kuma idan ka yi gwajin farko da ƙarfe bakwai na safe, na biyun ma ƙarfe bakwai za ka yi shi, a fili ɗaya, da takalma iri ɗaya. Wanda ya auna da safe a Janairu ya sake aunawa da la'asar a Afrilu, yanayi ya auna, bai auna horo ba.

Na uku, nauyin horo. Rabin awa bayan atisaye ka tambayi kowane ɗan wasa, shi kaɗai, yadda ya ji wahalar daga 0 zuwa 10, ka ninka da mintocin. Minti 80 a kan 7 ya ba da 560. Ka tara na mako, ka ga makon da ya yi tsalle fiye da wanda ya gabace shi. Dalilin tambayar mutum shi kaɗai, matashi ba zai ce 9 a gaban abokansa ba idan kyaftin ya ce 5.

Da waɗannan za ka iya tambayar da ke da amsa: yaya zufar 'yan wasa take a hunturu da bazara, ko me sati biyun farko na azumi ke yi wa sakamakon Yo-Yo. Kada ka fara kafin ka sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike da sa hannun kowane ɗan wasa, na yara kuma iyayensu, in ba haka ba mujallar kirki ba za ta buga aikin ba. Ka kuma tanadi inuwa, ruwan sanyi da ƙanƙara. Ɗan wasan da ya fara tangaɗi ko surutai cikin zafi, a dakatar da komai, a kwarara masa ruwan sanyi nan take, sannan a garzaya da shi asibiti. Sanyayawa ake farawa da ita, kafin mota.

Ni mace ce, na karanta bayokemistiri. Ko ina da ƙofa a wannan fanni? Kuma iyayena suna ganin aikin maza ne. Daga wata baiwar Allah a Arkilla.

Kina da ƙofa, 'yar'uwa, babba ma. Abin da ke wahalar da ɗaliban PHE a mastas, wato yadda tsoka ke ƙona sukari da kitse, da taruwar laktet, sinadarin da ke ƙaruwa a jini lokacin motsa jiki mai tsanani, ke kin riga kin sha shi. Wasu sassan za su ce ki fara da PGD saboda digirinki ba na sashen ba ne, wasu kuma, musamman a waje, suna karɓar masu digirin kimiyyar rayuwa kai tsaye. Abin da za ki cike shi ne ilimin ƙirar jiki, ƙa'idojin tsara horo da kuma zama a fili.

Reshen da ya fi kusa da ke shi ne abincin 'yan wasa. Aikin a nan mayar da lissafi zuwa kwano ne. Ɗan wasa mai kilo 65 yana buƙatar furotin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo a rana, wato tsakanin 78 da 130, da abinci mai sitaci giram 5 zuwa 7 a kan kilo a ranar horo matsakaici. Gwaninta ita ce ki faɗa masa hakan da fura da nono, wake, ƙwai, ƙuliƙuli, tuwo da kifi, gwargwadon aljihunsa, maimakon ki tura shi sayen garin furotin na gwangwani.

Batun iyaye kuwa, ki nuna masu inda buƙatar take. 'Yan mata masu wasa a makarantu, matan da likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari, da wuraren motsa jiki na mata zalla, duk mace suke so ta auna su, ta ji matsalarsu. Ƙarancin jini, ɗaukewar al'ada saboda horo mai yawa da abinci kaɗan, komawa motsa jiki bayan haihuwa: ba abubuwan da 'yar Sakkwato za ta zauna ta faɗa wa namiji ba ne. Rashin mata a wannan fage asara ce da mata ke ɗauka.

Mene ne bambancinku da likitan gashi? In na yi mastas zan iya duba wanda ya yi targaɗe? Daga Tambuwal.

A'a, Malam. Fiziyo, wato likitan gashin ƙashi, digirinsa daban ne, mai lasisi daga hukumar MRTB da ke kula da masu wannan sana'a, kuma shi da likita ne ke da hurumin gano rauni da yi masa magani. Naka aikin yana gaban rauni da bayansa: rage aukuwarsa, da karɓar ɗan wasa daga hannun fiziyo ka mayar da shi ƙarfin gasa. A ɓangaren rigakafi ka ƙware a abu biyu. Ɗumama jiki na FIFA 11+, mai kamar minti 20, bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku idan ana yin sa aƙalla sau biyu a mako. Sai atisayen Nodik, inda mutum ke durƙusawa, abokinsa ya danne masa idon sawu, ya riƙa faɗowa gaba a hankali. Yana rage yagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi. A fara shi da kaɗan, sau biyar biyu a makon farko, domin ciwon da yake sawa washegari shi ke sa 'yan wasa su gudu daga gare shi.

Ina son in fita waje. Wace hanya ce ta gaskiya? Daga wani malamin kwaleji a Wamakko.

Tunda kana koyarwa a babbar makarantar gwamnati, Malam, ƙofarka mafi kusa TETFund ce, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ta hannun makarantarka, kuma ka fara tambayar ofishin da ke kula da ita ko tallafin wannan shekarar na cikin gida ne ko ya haɗa da waje. Tallafin karatu na asusun PTDF kuwa na fannin man fetur da makamashi ne, kada ka ɓata lokaci a kansa.

A Ingila mastas shekara ɗaya ne. Loughborough da Liverpool John Moores su ne sunayen da aka fi sani. A Liverpool ɗin ne ma aka fara digirin kimiyyar wasanni a Birtaniya, a 1975. Yawanci suna neman 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan karatu da zama, amma sai kana da shekara biyu na aiki, wato awa 2,800, kuma sai ka dawo gida na shekara biyu bayan ka gama. A Jamus akwai Jami'ar Wasanni ta Kolon, mai wasu kwasa-kwasan mastas da Turanci. Kuɗin makaranta kaɗan ne, sai dai biza na buƙatar ka ajiye kuɗin zaman shekara a asusu na musamman, sama da yuro dubu goma sha ɗaya.

Abin da ke kayar da masu nema daga nan shi ne wasiƙar bayyana manufa. Kowa ya rubuta yana son wasanni tun yana yaro. Wanda ya rubuta cewa ya auna zufar 'yan wasa 24 a zafin Afrilu, ga abin da ya gani, ga tambayar da ta rage masa, shi ake kira. Idan za ka tuntuɓi farfesa domin digiri na uku, ka karanta takardunsa biyu, ka rubuta masa sakin layi uku kawai. Masu aiki a kan zafi da azumi, irin na asibitin Aspetar da ke Doha, su ne za su fi fahimtar darajar abin da kake da shi. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka tallafi, ka rabu da shi. Neman waɗannan tallafin kyauta ne.

Ɗana ya nace sai wannan karatu. Ni dai tambayata ɗaya: akwai abinci a ciki? Daga wani uba a Runjin Sambo.

Ranka ya daɗe, Alhaji, tambayarka a kan hanya take, kuma ba za mu yi maka rufa-rufa ba. Kujerar da aka rubuta mata "masanin kimiyyar wasanni" ba ta da yawa a ƙungiyoyin ƙasar nan. Galibi mai horar da ƙarfi da juriya suke ɗauka, kuma kwantiragin kaka ɗaya ne, albashi kan yi jinkiri, sabon koci kan zo da mutanensa. Wanda ya dogara da wannan kaɗai zai sha wuya.

Masu cin abinci a fannin ƙafa biyu suke tsayawa a kai. Ɗaya tabbatacciya: koyarwa a jami'a ko kwalejin ilimi, aiki a ma'aikatar matasa da wasanni, sashen wasanni na jami'a, ko horar da jiki a rundunonin soja, 'yan sanda da sauran masu kaki. Ɗayar kuma ta fili: ƙungiyar ƙwallo, makarantar renon 'yan wasa, wurin motsa jiki, ko nazarin wasa ta bidiyo, wanda ake iya yi wa ƙungiyar wani gari daga ɗaki a Sakkwato. Akwai kuma fagen da kusan babu kowa a cikinsa, na 'yan kokawa da 'yan dambe, masu ƙarfi da jama'a amma ba mai tsara masu horo, nauyi ko hutu.

Ka sa shi ya haɗa digirin da abubuwa uku. Takardar koci, ko ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas ko lasisin CAF, domin koci ya fi sauraron wanda ya san yaren fili. Takardar CSCS, wato shaidar ƙwarewa a horar da ƙarfi da juriya, ta ƙungiyar NSCA ta Amurka, wadda ke buƙatar digiri da shaidar koyon farfaɗo da zuciya, ita ce ƙungiyoyin waje suka sani. Sai iya Excel sosai, da manhajar lissafin alƙaluma ta SPSS ko R. Tun yana karatu ya je filin Giginya ya roƙi wani koci ya bar shi ya riƙa auna 'yan wasansa kyauta na kaka guda, duk mako ya miƙa masa shafi ɗaya: wa ya gaji, wa ya ƙaru, wa ya kamata a rage wa gudu. Shafi ɗaya, da Hausa in ta kama, domin koci ba zai karanta goma ba. Wannan fayil ɗin zai nuna ranar neman aiki.

Ni kocin matasa ne. Yaya zan yi da horo cikin azumi? Kuma wasu yarana suna shan ƙwaya wai don kada su gaji. Daga Kofar Marke.

Sannu da ƙoƙari, Koci. Horo mai nauyi ka kai shi bayan asham, awa biyu zuwa uku da buɗa baki, lokacin da ruwa da abinci sun shiga jiki. Idan babu fitila a filinku, ka yi na dabara da taɓa ƙwallo minti 45 zuwa 60 dab da magariba, yadda za a tashi a sha ruwa. Makon farko ka rage yawan gudu amma ka bar ɗan sauri a ciki, domin saurin ne ke riƙe ƙarfin da aka tara. Ruwa a riƙa kurɓarsa daga magariba zuwa sahur, kofi ɗaya ko biyu a kowace awa. Wanda ya ɗura lita biyu lokaci ɗaya da asuba, fitsari zai tafi da yawancinsa kafin hantsi. A jinkirta sahur, a sa fura, ƙwai ko wake. Barci shi ne abin da aka fi asara a watan, don haka ƙailula ta shiga cikin jadawalinka.

Ƙwayar kuwa, in tiramadol ce, ka faɗa masu abu biyu. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni a duniya, ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairu, 2024, yaron da ke mafarkin fita waje zai iya rasa komai da gwajin fitsari ɗaya. Sannan ba ta hana gajiya, ɓoye ciwo take yi, sai yaro ya ci gaba da gudu a kan tsokar da ta fara yagewa, ga jiri, ga farfaɗiya ga wanda ya sha da yawa, ga sabo da ita mai wuyar bari. Wanda ya riga ya saba da ita kada ka sa ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. Ka kira mahaifinsa ko yayansa a keɓe, ku kai shi asibiti a rage masa a hankali ƙarƙashin kulawar likita, ka kuma bar masa gurbinsa a ƙungiya har ya dawo.